Yari Habu da ƙafar da ya ara mini

Da daminar bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Yari Habu, Allah ya jiƙansa. Ni Haruna, manomi ne a wani ƙauye kusa da Guci. Na haura tamanin, haƙorana sun watse sun bar ni, amma har yau in ruwan farko ya jiƙa ƙasa sai mutumin nan ya faɗo mini a rai, in kama murmushi ni kaɗai. Ajami na iya, mushen lakwal ɗin garinmu, wato malamin makarantar boko, shi ne ya juya muku wannan zuwa boko, in kun ga kuskure shi za ku tuhuma. Ya tambaye ni yadda aka yi tsoho yake dariya yana ba da labarin gidan yari. Na ce masa ya rubuta dai, zai gani.

Shekara biyar ko shida kafin Nasara su shigo Damagaram, ina sabon magidanci, ina ji da ƙarfi, ga zuciya a kusa. Maƙwabcina na gona, Ɗan Jimma, ya tuge tushen gamba guda da ke iyakarmu, wai ya shigar masa gona da taku biyu. A kan taku biyu na yashi na ɗaga ƙotar gatari na sauke masa a dantse, da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Aka tasa ƙeyata zuwa babban garinmu, tafiyar rabin wuni daga ƙauye. Alƙali bai ja magana ba. Ya ce in zauna a gidan yari har hannun ya ɗoru, mai shi ya iya ɗaga hauya. A lokacin kuwa hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar.

Kada wani ya ruɗe ku ya ce gidan yarin da wurin hutu ne. Ɗaki ne mai duhu a bayan gidan Yari, ga ƙuma ga kuɗin cizo, a tsakiyarsa kuma ga turu, wato gungumen kirya mai ramuka, a zura ƙafarka a buga ƙarfe ya tare idon sawu. Abinci sai wanda danginka suka kawo. Wanda nasa suke nesa kamar ni, matar Yari, Iya Tamu, ita ke ɗibar masa daga tukunyarta, tana zubawa tana mita. Kowace safiya dogarin sarki yakan zo ya ƙirga ƙafafun da ke cikin turu. Ƙa'ida kuma kowa ya san ta: in ƙafa ɗaya ta ɓace, an tuɓe wa Yari rawani, ya zauna a madadin wanda ya gudu. Mu biyar ne a ɗakin.

Yari Habu gajere ne mai tumbi, muryarsa tana riga shi shiga ɗaki. Duk wanda aka kawo masa, ba ya tambayarsa laifin da ya yi. Abin da yake tambaya shi ne, "Wa zai yi maka shuka?" Ranar da ya yi mini ita na ɗauka ba'a ce, na kawar da kai. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji, domin ba ni da wa, ba ni da ƙane. A gida daga matata Hajara, da cikinta wata takwas, sai Inna wadda idonta ya riga ya tafi. Ku da kuke birni ba ku san jigawa ba. Laimar ruwan farko kwana uku take yi a yashinmu. In ta wuce ka, sai ka jira wani ruwan da ba ka san ranarsa ba, geronka ya zo a makare, rumbunka ya kwana da yunwa. Mutum uku ne, har da na cikin ciki, cinsu na shekara ya rataya a kan ƙafar da ke cikin itace.

Ruwan ya sauka wata asuba, mai yawa. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, na ji mutanen gari suna wucewa da sungumi suna raha. Ba na jin kunyar faɗa, kuka na yi, irin na ƙaton banza. Dogari yana gama ƙirgarsa ya fita, sai ga Yari da guduma a hannu, Iya Tamu na biye da shi da buzu.

"Kai ɗan Guci, share majinar nan ka ɗago ƙafarka."

Ya fitar da ni, ya fitar da wani Mantau, mutumin ƙauyukan hanyar Yekuwa, wanda shi ma ba shi da mai yi masa shuka. Sauran ukun 'yan gari ne masu dangi. Sai ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya zura ƙafar dama a ramina, ta hagu a ramin Mantau, ya miƙa wa matarsa guduma.

"Biyar aka ba ni, biyar dogari zai tarar," in ji shi. "Allah ƙafa biyu ya ba ni, shi ya sa mutum biyu kawai nake iya saki. Yau, gobe, jibi. Kafin rana ta faɗi jibi ina son ganin fuskokinku."

Iya Tamu tana buga ƙarfe tana faɗa. "Kowace shekara sai ka yi wannan haukan, taka gonar ka bar mini ni da yara. Wallahi wata rana sai wani ɗan banza ya tafi da rawanin nan!" Daga baya na ji cewa sarki ya san abin da Yari ke yi tun da daɗewa. Yakan kawar da kai na kwana uku, don shi ma ya san laima. Daga rana ta uku ta faɗi kuwa, babu sauran kara.

Tafiyar rabin wuni na yi ta kafin rana ta kai tsaka. Ban ko shiga gida ba na zari sungumi. Ina gaba ina sara, Hajara na baya tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana nishi tana tsokanata wai gidan yari ya karɓe ni, na yi ƙiba. Inna na gindin aduwa tana ta sa albarka ga mutumin da ba ta taɓa gani ba. Rana ta biyu kawuna ya zo har gona ya ja ni gefe, ya ce in gama in tsallaka ƙasar Daura, zai kawo mini iyalina daga baya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na juya maganar a raina har na kai ƙarshen layi. Abin da ya kashe ta shi ne tuna tumbin nan a kan buzu. Da yamma muka rufe ramin ƙarshe.

Safiya ta uku na ɗaura ɗamara zan kama hanya, Hajara ta ce, "Kafin ka tafi, ɗan leƙa gabas." Na leƙa. Ɗan Jimma na zaune a gindin gawo, hannu ɗaure da karan ɗori. Matarsa da goyo a baya tana fama da sungumin da ya fi ƙarfinta, kwana biyu ko rubu'in gonar ba ta yi ba. Na tona yashi da yatsan ƙafa, laima ta riga ta nutse, gobe babu ita. Na dubi hanyar gari, na dubi gonar. Babu wanda zan aika, duk mai ƙafa yana tasa gonar. Na san sarai abin da zan jawo wa Yari, kuma rawanin da zan sa a caca ba nawa ba ne. Duk da haka na tsallaka iyaka na karɓe sungumin daga hannun matar ko sallama babu.

Ɗan Jimma ya miƙe yana dunƙule hannun hagu. "Ka zo ka ƙarasa ɗayan ne?"

"Zauna, Ɗan Jimma," na ce. "Yau da yashi nake."

Hajara ta zo da ƙoƙon iri, matan biyu suka bi ni a baya. Ban taɓa sara irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron faɗuwar rana irin na ranar ba. Tana yin ja a yamma ina ƙara saurin sara. Muka gama ana kiran magariba, har da taku biyun da aka yi rigima a kansu, na shuke masa su.

Da asuba na kama hanya, sai na ji jaki a bayana. Ɗan Jimma ne. Na tambaye shi ina za shi, ya ce hanya ta ubana ce? Haka muka tafi har gari. A ƙofar gidan Yari muka tarar da Iya Tamu da muciya a hannu, kamar tun jiya take tsaye. Sau uku ta sauke mini ita a gadon baya, ban kauce ba, na san na ci ta. Na shiga ɗaki. Mantau ya dawo a kan lokaci yana raminsa. Yari na zaune kai ba rawani, sanƙo na ƙyalli, dogari ya zo ya kwance shi tun jiya da magariba. Ƙafar dama ta kumbura suntum a cikin turu, shi kuwa yana tufkar igiyar kaba abinsa. Na durƙusa a gabansa, ya ɗago kai ya dube ni.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Har da wake?"

"Wake sai an ƙara ruwa."

"To, me ya riƙe ka? Ko mai ɗakin ta sauka ne?"

Ɗan Jimma ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Tawa ya tsaya shukawa, Yari. Ni ne mai hannun."

Yari ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya, tumbi na rawa, har hawaye. Ya ɗaga murya ya ce, "Tamu, ajiye muciyar nan ki dama musu fura!"

Da aka kai mu gaban sarki, Ɗan Jimma ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce a riƙe shi har hannuna ya iya aiki. To, gonata can an shuke ta tsaf. In aka ci gaba da riƙe shi, wa zai yi mini noma?" Fada ta ɗauki dariya. Alƙali ya ce in tafi, amma noman fari da maimai na gonar Ɗan Jimma a wuyana suke. Dogarin da ya kwance rawanin shi aka sa ya naɗa shi da hannunsa. Bayan kwana goma sha wani abu Hajara ta haifi namiji, ba sai na gaya muku sunan da aka raɗa masa ba.

Da Nasara suka zo aka yar da turu, sarautar Yari ta zama suna kawai. Sai ya kwaso iyalinsa ya dawo ƙauyenmu, ni da Ɗan Jimma kowa ya yanka masa gona daga tasa, ya zauna a tsakaninmu, mu uku kullum a inuwa ɗaya fiye da shekara ashirin. Ƙafar ta warke tun cikin wata guda, amma duk ranar da yake son a ɗauko masa wani abu sai ya dafa ta ya ce, "Wash, Haruna, aikinka ya motsa." Sau ɗaya na tambaye shi tsakani da Allah ko bai ji haushina ba ranar da rana ta faɗi ban zo ba. Ya ce ya ji tsoro ƙwarai, har ya fara tunanin yadda Tamu za ta ci da yara. "Amma da ka dawo a kan lokaci ka bar gonar mutumin nan a bushe, da ƙafata ta kumbura a banza."

Bara na je kaso, wato gidan yarin Nasara, duba wani ɗan ƙauyenmu, ina tafe ina tunanin abin da Yari zai ce. Na san zai yi murna da wasu abubuwa. Babu turu, ana ba mutum abinci ko danginsa ba su zo ba, ranar fitarsa kuma tana rubuce a takarda. Zai shafa ƙofar ƙarfen nan ya jinjina kai. Daga nan sai ya leƙa ya yi tambayarsa, kuma ban ga wanda zai amsa masa ba. Na ga mata zaune a bakin ƙofa da ƙwarya a lulluɓe, damina na tsaka, kowacce ta baro gona. Na ba wani gardi mai tsaron ƙofa labarin nan, yaro mai ladabi, ya yi dariya. Ya ce, "Baba, ni ko na sa ƙafata ba za ta shiga takardar kumandan mai mulkin gari ba. Ni kaina shekara huɗu rabona da gonar ubana." Ban ga laifinsa ba, tausayi ma ya ba ni.

Yari bai bar dukiya ba, kabarinsa ma yashi ya shafe shi, mu tsofaffi kaɗai muka san wurin. Abin da ya bari yana fitowa ne sau ɗaya a shekara. A ƙauyenmu in ruwan shuka ya sauka, kwana biyu kowa ya yi tasa, rana ta uku jikokina da na Ɗan Jimma da duk mai sungumi su taru a gonar wanda ke kaso, ba a tambayar laifin da ya yi. Ni yanzu ba na iya sara, amma diddigena bai mutu ba, ina bin su a baya ina rufe iri suna yi mini tsiya wai layina ya karkace.

Bana gonar Ilu ɗan Gambo muka yi, wanda faɗan kasuwa ya kai kaso, mai zuciya irin tawa ta da. Shi ba ya karatu, ni kuma ƙafafuna ba za su sake kai ni can ba. Don haka ina roƙon duk wanda jaridar nan ta shiga hannunsa a kusa da wurin, ko gardi ne ko mai kai abinci, don Allah ya leƙa ya gaya masa. Geronsa ya tsiro, babu gurbi ko ɗaya, ya kai idon sawu, ran Asabar za mu shiga noman fari. 'Ya'yansa za su ci tuwo bana, ya kwantar da hankalinsa.