Wutsiyar Alfadari

Babanmu ya dawo daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, da abu biyu, tari da labarin alfadari. Tarin ya warke. Labarin kuwa mun sha shi har ya gundure mu, mu da maƙwabtanmu na Abakpa, ina jin kajin gidan ma sun haddace shi.

Wai suna ƙetare wani kogi ne cikin damina sai kwale-kwalensu ya kife. Baba bai iya ruwa ba, ko a kogin Kaduna bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba. Yana cikin shan ruwa sai ya ga wutsiyar alfadarin da ke ɗaukar musu kaya, ya cafke, alfadari ya ja shi har gaɓa. A cikin ruwan nan ya yi bakance, wato alkawari tsakaninsa da Ubangiji, cewa in ya ga gida sai ya sa godiyarsa inda kowa zai gani. Abokinsa ɗan Rigachikun, wanda suka shiga soja tare, shi ma yana cikin kwale-kwalen. In labari ya zo nan sai Baba ya duba rana ya ce lokacin salla ya yi.

Shekaru suka yi ta tafiya bakance bai cika ba. Ya yanka rago, ya yi sadakar waina, amma ransa bai kwanta ba, don an cinye rago an cinye waina, ba abin da ya rage na gani. Da ɗan zazzaɓi ya kama shi sai ya fara cewa zai mutu da alkawarin Allah a wuyansa. Inna ta ce masa sauro ne, ya sha magani ya ƙyale mu.

Na zama 'yar budurwa lokacin da ya sami wata tsohuwar motar katako, yana jigila tsakanin Kaduna da Zariya. Nan dabara ta zo masa, ya ce a zana masa kogin a murfin baya. Gaskiyarsa kuwa, don yadda motar nan ke jan jiki, duk wanda ya biyo bayanta sai ya kalli zanen ya ƙoshi.

Aka ɗauko wani mai fenti daga ƙetaren kogi. Bawan Allah nan bai taɓa ganin alfadari ba. Da ya gwada da alli sai ga wata dabba tsakanin jaki da tunkiya, ga kuma Baba a bayanta da kaki da gashin baki, ya zazzaro ido. Unguwa ta taru ana ta dariya, har dariyar ta jawo limamin masallacinmu.

Liman bai yi dariya ba. Ya ce, "Kofur, ba a zana mai rai cikakke. Yaya za ka gode wa Allah da abin da Ya hana? Ka ƙara yanka wani ragon."

Baba ya sa aka goge alli. Ya koma zaure ya zauna, ba tuƙi, ba hira, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Ni ce mai kai masa, ni ce kuma wadda Inna ke cewa bakina ya riga hankalina girma. Wata rana da na je ɗauko kwano na ce, "Baba, kai fa a labarin nan ba ka taɓa cewa ka ga alfadari ba. Wutsiya kawai ka gani."

Na zaci zan sha mari. Sai ya miƙe, ko takalmi bai sa daidai ba, ya nufi gidan liman, ni kuma na bi bayansa a laɓe.

"Allah gafarta Malam, wutsiya ita kaɗai mai rai ce?"

Liman ya shafa gemu ya ce a'a.

"To hannu fa, daga wuyan hannu zuwa yatsu?"

"Kofur," in ji liman, "je ka yi fentinka, ka bar ni in yi karatu."

Haka aka yi. Ruwa ja ya cika murfin daga gefe zuwa gefe, ga wutsiya ta leƙo, ga hannu ya damƙe ta, a sama an rubuta Alhamdu lillahi da ajami. 'Yan tasha suka raɗa mata suna Motar Wutsiya, Baba ya koma neman ƙarin tuwo.

Fitar farko da ni aka yi, za a kai ni wurin gwaggona a Zariya. A Rigachikun Baba ya tsaya kamar kullum don ya gaida mahaifiyar abokin nan nasa ya ba ta goro. Ita ba ta taɓa tambayarsa yadda ɗanta ya rasu ba, shi ma bai taɓa iya faɗa ba. Ranar sai ta zagaya bayan mota ta tsaya, ta daɗe tana kallo.

"Kogin ke nan?"

"Shi ne, Iya."

"Wannan hannunka ne."

"Nawa ne."

Ta ɗora tafinta a kan ruwan, inda babu komai sai fenti, ta ce, "Shi ta ina yake?"

Baba ya kama hannunta ya ɗan gusar da shi ƙasa, kusa da nasa hannun na cikin zanen. Ta bar hannunta a nan tana addu'a. Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar ranar ba.

Tun daga lokacin, duk tsayawar motar a Rigachikun sai tsohuwar ta fito ta ɗora hannu a wurin, har fentin ya koɗe katako ya bayyana. Mai fenti ya ga haka ya ce a kawo ya gyara. Baba ya ce a bar shi yadda yake.