Ranar da Mai Gishiri Ta Kai Autarta Wurin Aiki

A ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan sashen tiyata, Mai Gishiri ɗalibai suke ce mata, don ita ke haɗa ruwan gishirin da ake jiƙa tsoka a ciki. A kan aikin nan ta yi furfura. Idan an cire wa mace bututun ƙwai, matar kuma ta yarda a yi bincike da shi, ita ke tsayawa a ƙofar tiyata da kwalba. Ta yanko siririn yanki, ta ɗaure shi da zare sama da ƙasa, ta rataya cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum. Can sai tsokar ta farfaɗo, tana matsewa tana saki, layi yana hawa da sauka a fuskar kwamfuta.

Ba ta iya lallashi ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko gaisuwar mutuwa ta je, kwanuka take wankewa ta dawo.

Sai ga autarta ta samu ciki, cikin ya zauna a bututu bai isa mahaifa ba. Aka yi mata aiki, aka cire na dama. Daga asibiti gidan uwa ta wuce, ta ce ita da ɗakinta sai dai a lahira. A kwanakin da ta ɗauki cikin sun yi faɗa da mijinta makaniki, faɗan da ta wuni tana huci, ta kuma ƙudura a ranta cewa fushin nan ne ya ƙulle hanyar. Likita ta gaya mata tabo ne ya toshe bututun, na afendis ɗin da ya fashe mata tun tana firamare. Maganar ta bi ta bayan kunnenta. Makaniki ya yi ta sintiri, ta ƙi fitowa.

Wata safiya Mai Gishiri ta yaye mata bargo. "Tashi ki raka ni. Kin ishe ni da kwanciya."

Ta nemi izinin shugabar ɗakin, ta zaunar da Auta gaban na'urar, inda yankin bututun wata mata ke rataye yana motsi.

"Mama, da rai yake?" in ji Auta.

"Da ransa. Mai shi tana can sama a kwance, ba ta ma san yana motsi ba. Ce masa ya tsaya mu gani."

"Kai, Mama."

"To, ba ya jin ki, ba ya jin mai shi."

Ta ɗiga wani sinadari a ruwan. Suka zauna jira, a hankali layin ya lafa. "Wannan jikin mace ke yawaita shi bayan ƙwai ya fito, sai tsokar ta sassauta. Wata-wata yake zuwa, bai taɓa yi miki sallama ba."

Ta sauya ruwan, ta ɗauko wata kwalbar. "Wannan kuma shi jijiya ke saki in mutum ya firgita ko ya fusata."

Ɗigo ɗaya, layin ya cilla sama, tsokar ta ɗaure.

Auta ta miƙe. "Kin gani? Da hannunki kika nuna."

Mai Gishiri ta kama hannun rigar yarinyar ta maida ita kujera. Ta zubar da ruwan ta zuba sabo, yadda jini ke wanke abin a jiki. Layin ya sauko, ya ɗan yi shiru, ya ci gaba da hawa da saukarsa kamar ba a yi ba.

"Kafin shayi ya huce ya koma bakin aiki," in ji Mai Gishiri. "Da fushi na toshe hanya, da ni da babanki ba mu haife ki ba."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce a sake. Aka sake, wannan karon ita ta ɗiga da hannunta, ita ta sauya ruwan.

"Na hagun da ya rage min fa?"

"Likita za ta duba. Ban gani ba, ba zan yi miki alkawari ba."

Auta ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ari wayar uwarta ta fita baranda. Mai Gishiri tana jin ta ta taga.

"Ni ce. Ka zo da yamma mu yi magana. Amma ka wanke hannun nan naka tukuna."