Bokitin banɗaki

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, wata Asabar a lokacin sanyin 2014, a wurin ninƙayar da nake koyar da jarirai a unguwar Soundview, nan ƙasar waje. Ku sababbin malamai kun san ni da surutu, ko kifi na samu sai na ba shi labari. Ranar kam surutuna bai yi mini rana ba.

Ga wanda bai san aikin ba, ba iyo muke fara koya wa yaro ba. Muna koya masa in ya faɗa ruwa ya juya rigingine, ya yi numfashi, ya jira babba. Jarrabawar ƙarshe da rigar sanyi da takalmi ake yin ta, don ba yaron da ke faɗawa ruwa da shiri.

Rakiya, 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni, ta ci tata. Ihun da ta kurma na tabbata matuƙan jirgi a filin jirgin sama na JFK sun ji, amma ta juya, ta miƙe a kan ruwa kamar wadda ta biya haya. Ina ta tafi. Uwarta, 'yar Maraɗi mai shagon kitso, ko murmushi ba ta yi ba. Tana goge yarinyar ta ce, "Anti Ladi, da yayanta ya koyi wannan, da ya tsira?"

Ban san an yi wani yaya ba. Ta ce a bokiti ya faɗa, a banɗakinsu. Can gida Maraɗi ruwan famfo ɗaukewa yake yi, tun tana yarinya take tara ruwa. A nan bai taɓa yankewa ba, amma hannu ya saba.

Na so in ce mata e, ta tafi da sanyin zuciya. Na ce, "A'a, ƙanwata. Da ka yaro ke shiga bokiti, babu wurin juyawa. Ko Rakiya ba za ta iya ba. Yanzu akwai ruwa a gidan?"

Ta ce, "Bokiti biyu."

Ta ciro waya ta kira mijinta. "Baban Rakiya, zubar da ruwan nan. Duka. Ka kife su."

Tun ranar, kafin in taɓa ɗan kowa sai na tambayi uwarsa ko tana tara ruwa. Mutanenmu kogi suke tsoro, ba sa tsoron ruwan da suka ɗiba da hannunsu.