Kuɗin Jirgi Zuwa Tsibiri

Manyan matafiya na tarihi sun bar gida don neman ilimi, ko zinariya, ko iyakar duniya. Ni na bar unguwar Zariya ta Maraɗi ranar Asabar, ƙarfe shida saura kwata, don neman gaskiyar wata takarda, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina tawa tafiyar ba.

Takardar ta Rabi ce, ɗiyar ƙanena marigayi, ma'aikaciyar jinya. Wata ƙungiyar agaji ta zaɓe ta aikin sa kai na wata uku a wani tsibiri can tsakiyar teku, da sharaɗin ta tara rabin kuɗin jirgi kafin Litinin. Dangi suka ce ba mai sakin ko dala sai Mushe, wato ni, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya je ya gani. Shekaruna talatin a aji, amma aikin da mutum zai biya kafin ya yi shi kyauta ban taɓa karanta shi a wani littafi ba.

Jiratawa

Ɗan kabu-kabu ya kai ni cikin minti ashirin da biyar, kilomita goma da 'yan kai. A shinge jandarma ya duba katina ya sallame mu. Da na ba ɗan kabu-kabun labari, sai ya ce shi ma an taɓa yi masa alkawarin ƙetare, ya ƙare a Agadas.

Wurin formasiyo, wato horon da ƙungiyar ke ba masu tafiyar, rumfa ce a gefen lambunan zogale. Na tarar da mutum tara sanye da rigar ceto, tsaye cikin magudanar ban ruwa da ba ta kai gwiwa ba. Mai horon, Madam Salamatu, tana koya musu hawan kwalekwale, benci ne kwalekwalen. Manoma sun jingine fartanya suna kallo.

Na nemi takardun ƙungiya. Na ɗaga hatimin a rana, na murza shi da yatsa, na nemi kuskure ɗaya a Faransancin na rasa. Wannan ya ƙara mini zargi, don mai gaskiya kan manta ɗigo. Madam ba ta yi gardama ba. Ta kira wata 'yar Maraɗi da ke can tsibirin ta bidiyo, ga teku a bayanta. Ina shirin yi mata tambayoyin tarko ta ce, "Mushe, ni ce Hauwa, wadda kake kora waje saboda surutu."

Na yarda, amma ba duka ba. Na ci kwaɗon zogale na dala arba'in, na kama hanya.

Tsibiri

Ƙarfe ɗaya na shiga taksi a Maraɗi, mu bakwai da buhun gero. Rabin awa muka iso garin Tsibiri. Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifina, ita ce mabuɗin dangi: in ta bayar, kowa zai bayar. Bayan fura da gaisuwa na yi mata bayani dalla-dalla.

"Ina ka ce za ta tahi?"

"Tsibiri, Gwaggo."

"To ga ni a Tsibiri. Shekara saba'in ban ga jirgi ya sauka ba."

Na ce wancan tsibirin ruwa ne ya kewaye shi. Ta ce nan ma haka ne in gulbi ya kawo. Na zana mata taswira a ƙasa da tsinke, ta dubi zanen, ta dube ni, ta tambaya ko fanshona ya daina zuwa ne. Sannan ta kwance bakin zane ta miƙo mini dala ɗari.

"Ungo, Isuhu. Kuɗin mota ne. Duk mai zuwa Tsibiri wannan ya ishe shi."

Gida

Na iso ana kiran la'asar, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Madam Salamatu da haƙurinta. Na kira Rabi na ce, a matsayina na wakilin dangi, bincike ya tabbatar da tafiyar, sai dai Gwaggo ba ta fahimta ba, amma zan koma gobe da taswira ta gaske.

Ta ce kada in wahalar da kaina. Gwaggo ta sayar da ragonta tun makon jiya, ta kawo mata kuɗin da hannunta.