Muryar Yaya a Tsohuwar Manhaja

Duk wanda ya taɓa jin tallar sabulu ko ta maganin sauro a rediyo, da wuya a ce bai ji muryar Mai Amshi ba, ko da bai san fuskarta ba. 'Yar gajeriyar mace ce mai tsoron kyankyaso da son gardama, tana da situdiyo a saman shagon wani mai walda. Ɗaki ɗaya ne babu taga, an manne bangonsa da soso har sama. In za a ɗauki murya sai an kashe fanka, an kuma leƙa ƙasa an roƙi mai walda ya ɗan dakata. Duk waƙar da ta fito daga ɗakin nan da gumi aka yi ta.

Ba ita ta buɗe wurin ba, yayarta ce. Yaya ce mai waƙa, mai murya da kauri da ɗan dishi-dishi, wadda in ta buɗe baki sai ta cika ɗaki. Ita kuwa ƙanwar, tun suna yara aikinta amshi da siririyar muryarta, har laƙabin ya bi ta ya danne sunanta na gaskiya. Yaya ce ta sayi kwamfutar, ta sa aka zuba manhajar haɗa kiɗa, ta saita komai yadda ranta yake so, ta kuma hana kowa taɓawa. Sai ciwo ya zo farat ɗaya ya ɗauke ta, ta bar wa ƙanwar ɗaki da makirufo da kujera ta biyu.

Ranar da Mai Amshi ta samu ƙarfin komawa aiki, idonta bai gama bushewa ba. Ta sa abin saurare a kunne, ta rera talla ita kaɗai, ta danna ta saurara. Murya biyu ta ji. Siririya a sama, mai kauri a ƙasa, suna tafiya tare. Ta waiwaya, kujera ta biyu babu kowa. Ta duba allon kwamfuta, layin murya ɗaya ne tak. Ta goge ta sake rerawa, aka sake fitowa su biyu, kuma mai kaurin har jan numfashi take ta hanci kafin ta hau sama, sak yadda Yaya take yi.

Da wata ce, da ta zuba a guje. Ita kuwa zama ta yi ta sha kukanta, da ta gama ta ce, “Yaya, ashe kina nan.”

Tun daga ranar ba ta ƙara rera waƙa a wajen ɗakin nan ba, ko a bakin wanke-wanke, don a waje ita kaɗai ce. Da safe in ta kunna kwamfuta sai ta tambayi Yaya an tashi lafiya. Mijinta yakan ce, “Ni dai na ga ranar da za a gaishe ni kamar yadda ake gaishe da injin nan.” Masu talla suna son muryoyin biyu. In sun ce ita da wa, ta ce ita da yayarta, su yi dariya su wuce. Waɗanda suka san Yaya ba sa dariya, kuma ba sa daɗewa a ɗakin.

Shekaru suka ja. Manhajar tana ta turo saƙo cewa sabuwa ta fito, Mai Amshi tana yin kunnen uwar shegu. Mai gyaran kwamfuta, wani dattijo mai surutu kamar an ba shi kwangila, ya sha gaya mata.

“Hajiya, wani saiti ne a ciki yake ninka murya. Ba aljani ba ne, ba mutum ba ne. Sabuwar ma ba ta da shi.”

“To Malam, ka ga dalilin da ba na son ta ke nan.”

Amma duniya ba ta jira ta ba. Masu kiɗa suka koma sabuwa, suna kawo aikin da tsohuwar ba ta iya buɗewa. Mai sabulu ya koma wani situdiyo, mai maganin sauro ya bi shi. Ta kira mai gyara ta ce ya zuba sabuwar, amma ya bar mata tsohuwar a gefe. Ya gwada, tsakani da Allah ya gwada. Kwamfutar ta tsufa, ta kasa ɗaukar biyun, da an taɓa ta sai ta sandare.

“Sai dai ki zaɓi ɗaya,” in ji shi. “Waƙoƙin da kika gama suna nan, ba abin da zai same su. Amma sabuwar waƙa ba za ta ƙara fitowa da murya biyu ba.”

Tsakar rana ce, fanka a kashe. A allo ga tambaya tana jira: a bar tsohuwar ko a goge. Mai Amshi ta ji kamar an ce ta sake binne yayarta da hannunta. Ta roƙe shi ya ba ta wuri, ya fita ya tsaya a matakala. Ta daɗe tana magana da Yaya ƙasa-ƙasa. Ta nemi gafara, ta ce ta riƙe ta ya isa haka, ta je ta huta. Sannan ta danna “a goge” da kanta.

Da komai ya zauna, mai gyara ya dawo yana murza hannu. “To bismilla, a gwada.”

Ta leƙa ta ce wa mai walda ya dakata. Ɗakin ya yi tsit, ta sa abin saurare a kunne. Ta rera baiti ɗaya, ta shirya jin siririyar muryarta tana yawo ita kaɗai, ta danna.

Murya ɗaya ce ta fito. Mai kauri ce, mai dishi-dishi, ta cika ɗakin.

Mai Amshi ta tsaya ƙiƙam tana jiran siririyar ta shigo daga sama. Baitin ya ƙare, ba ta shigo ba. Ta koma gaban makirufo, ta ɗaga wuya, ta matse maƙogwaro ta nemi muryar da ta yi amshi da ita tun tana yarinya. Abin da ya fito na Yaya ne. Ta sake, gumi yana bin bayanta, na Yaya ne dai.

“Kin ji ko?” in ji mai gyara, yana ta murna da aikinsa. “Tas! Muryarki ce zalla, babu ƙari.”

Ta cire abin saurare a hankali.

“Malam,” ta ce, da muryar da yanzu ne ta fara jin ta a bakinta, “ba Yaya muka goge ba. Ni muka goge.”