Ba Kewa Ce Ta Kashe Baturiya Ba

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayata Rifkatu, wadda duk unguwarmu a Lamorde ke kira Adda. A makon nan muka taru a gidanta don tunawa da ita kamar yadda muka saba, kuma kamar kullum sai da aka ba da labarin zomanyarta. Danginmu suna son labarin nan ƙwarai. Sukan ce dabbar ta kasa jure rashin uwargijiyarta, ta daina cin abinci, ta bi ta kwana biyar bayan jana'iza. Duk shekara ina zaune ina gyaɗa kai, alhali na san ba haka aka yi ba. Bana na gaji da gyaɗa kan.

Adda malamar firamare ce da ta yi ritaya. Mijinta ya riga ta tafiya, 'ya'yanta biyu kuma aiki ya kai su nesa. Wata ƙawarta daga Vimtim ce ta kawo mata 'yar zomanya fara fat, a kan ta kiwata zuwa Kirsimeti. Kirsimeti ta zo ta wuce, ba a ɗora tukunya ba. Sai ma muka ji an raɗa mata suna, wai Baturiya, saboda fari da kuma iyayi wurin cin abinci. Ba ta taɓa kwana a keji ba. A falo take zaune, ƙarƙashin wata kujerar katako, da 'yar tabarmarta. Ni kuwa na sami abin tsokana. Duk zuwana sai na ce, "Adda, naman miya ne fa kike shimfiɗa wa tabarma." Ita kuma ko ɗaga kai ba ta yi take cewa, "Kai ma na raine ka, ai ban cinye ka ba."

A kan abincin Baturiya ne Adda ba ta san wasa ba. Ciyawa ce kan gaba, wadda ake yanko mata daga bakin mayo, wato rafi, ta shanya a inuwa har ta bushe, kuma ba ta barin kwandon ya zama babu komai ko na sa'a guda. Harawar gyaɗa kaɗan take haɗawa. Ganyen dankali ko na karas bai wuce tafin hannu ba. Tuwo, masara, burodi da biskit kuwa, ko baƙon da take jin nauyi ne ya miƙa, sai ta riƙe masa hannu. Takan ce cikin zomo bai san hutu ba, in ya tsaya to da wuya ya sake tashi. Kowace safiya kafin ta yi shara sai ta durƙusa ta duba kashin da ke bayan kujerar. In ta gan shi da yawa, busasshe, mulmulalle kamar wake, sai ta ɗauki tsintsiya. In ya ƙanƙance ko ya ragu, ranar babu ganye, sai ciyawa da ruwa, ta ɗora ta a cinya tana shafa mata ciki a hankali, ta kuma sa ta zagaya tsakar gida. Na sha yi mata dariya, malama guda tana durƙusa wa kashin zomo.

Ciwon da ya tafi da ita bai yi wata biyu ba. Kwana uku kafin ta cika, ina gefen gadonta a asibiti ina ta lissafin wa zan kira, wa ban kira ba, sai ta jawo hannun rigata. Na sunkuya ina jiran maganar gida ko ta 'ya'yanta. Sai ta ce, "Dauda, Baturiya ba ta cin tuwo. Ciyawa. Ka dinga duba bayan kujera." Na ce, "To, Adda." Har haushi na ɗan ji, mutum yana wannan hali yana zancen zomo. Abin da ta roƙe ni ke nan a duniya, ba ta ƙara da komai ba.

Wanda ya san zaman makoki a Mubi ya san yadda gida ke cika. Matan zumunta na cocinmu suka zo da kulolinsu, maƙwabtanmu Musulmi suka yi ta aiko da kunun gyaɗa da ƙosai, 'yan uwa daga ƙauye suka zo da masara. A wurinmu abin kunya ne a ce wani ya zauna da yunwa a gidan rasuwa. Baturiya ta dinga fitowa tana shinshina ƙafafun mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gan ta sai ya ce, "Wayyo, marainiya," ya gutsuro abin da ke hannunsa. Wannan ya ba ta tuwo, wancan shinkafa. Babu wanda ya je yankan ciyawa, kwandon ya ƙare tun rana ta biyu, aka kife shi aka ɗora kwanuka a kai. Ni da aka bar wa amana, da hannuna na tsoma burodi a shayi na ba ta safiya uku a jere. Da na ga tana ci har daɗi na ji, na ce a raina ga shi ina kula da ita. Matan kuma, Allah ya saka musu, sau uku suke share falon a yini. Ko da na tuna da bayan kujera, babu abin da zan gani.

Rana ta biyar da hantsi na tarar da ita a takure a lungu, ido rabi a rufe, tana cizon haƙora. Cikinta ya kumbura ya yi tauri. Wani maƙwabcinmu makiyayi, Malam Buba, mutumin kirki, ya ce in akuya ta yi haka ruwan kanwa da man gyaɗa ake ɗura mata. Muka ɗura, muka zauna jira har azahar. Da abin ya ƙi, na naɗe ta a zanin Adda na shiga keke napep zuwa wurin wani likitan dabbobi a cikin gari. Ya taɓa cikin, ya tambaye ni me take ci kwanakin nan. Ina lissafa masa yana kallona. Ya ce zomo ba akuya ba ne, ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce, kuma ciyawa ce ke tura shi. Ya yi mata allura, ya ce da jiya na zo da akwai magana. A cinyata ta mutu, kafin keken ya kawo mu gida.

Da na shiga da ita a hannu, mata suka sa kuka sabo. Goggo Saratu, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta fara cewa kewa ce ta kashe ta. Kowa ya karɓa, har wanda ya yi addu'ar rufe zaman ya ambaci amincin dabba ga mai ita. Labarin ya yi wa kowa daɗi, ni kuma ya rufa mini asiri.

Yanzu kiwon zomo a cikin gida ya fara zama ado a garin nan. Ina ganinsu a kasuwa cikin keji mai fenti, ina ganin hotunansu a waya ana ba su biskit ana dariya. Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce. Na tabbata za ta ji daɗi cewa an daina kallon wanda ya ajiye zomo a ɗaki kamar mai taɓin hankali. Na kuma tabbata da ta ga biskit ɗin nan sai ta tsayar da mutum a tsakiyar hanya ta yi masa darasi, ko ya so ko bai so ba. Ni ne nake yin hakan yanzu, ba tare da iyawarta ba. Wasu su saurara, wasu su ce wannan dattijon ba shi da aikin yi.

In na auna abin da ya rage na Adda, ba gidan nake gani ba, ba kuma ɗaliban da ke gaishe ni saboda ita ba. Abin da ta bari shi ne yadda take nuna so. Ita ba ta yarda cewa tausayi kaɗai ya isa ba, sai ka san abin da wanda kake so yake bukata, ko da ba shi ne abin da ke hannunka ba. Mace irin wannan ba ta cancanci a tuna da ita da labarin ƙarya ba, komai daɗinsa.

Shi ya sa bayan an watse ranar taron na bi Goggo Saratu ɗaki. Ta tsufa sosai yanzu, sai da na zauna kusa da kunnenta. Na gaya mata komai, har abin da likita ya ce, da alkawarin da na yi a asibiti. Na zaci za ta yi mini faɗa don na ɓata mata labari. Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Sannan ta ce, "Dauda, ni ma ta gaya mini. Ta ce kai kana da mantuwa, in tsaya a bayanka." Ta share ido da bayan hannu. "Ni kuma ƙosai na ba ta."

Muka zauna mu biyu, babu wanda ya iya ba ɗan'uwansa haƙuri.