Shirun Kofi

Da ba don 'yata ba, da har yau ina ce wa mutane yayata malamar jami'a ce kawai. Yarinyar tana ajin ƙarshe a sakandare na gano tana ji wa kanta ciwo a ɓoye, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ba komai. Tsoro ya kama ni, tsoron in wayi gari babu ita. Sai na kira Yaya.

A gidanmu Rediyo muke ce mata. Tun muna yara, in ta fara zuba, Baba yakan leƙo ya ce a rage masa murya. Ta girma ta karanci halayyar ɗan Adam, ta koma bincike kan masu tunanin kashe kansu da masu cutar da jikinsu. Mama ba ta taɓa iya furta wannan ba, in an tambaye ta sai ta ce, “Aikin damuwa take yi.” Ofishinta ɗan tsukuku ne, fanka na kuka, takardu sun cinye kujerar baƙi, butar shayi kuwa ba ta hutawa.

Abin da ta shafe shekaru tana rubutawa a taƙaice shi ne: ka tambayi mutum kai tsaye, kada ka yi ta kewaye-kewaye, sannan ka yi shiru ka jira. Da Mama ta ji, sai da ta riƙe baki. “Ikon Allah! Rediyo ce ke koyar da shiru?”

Gaskiyar Mama ce, shirun ya fi ƙarfin Yaya. Dabarar da ta samo ita ce, da ta yi tambayar sai ta kafa kofin shayi a baki, don ta toshe kanta. Ni kaɗai na san wannan, ni ma don na tsokane ta ne ta faɗa min.

Ranar da na kira ta, ban gama ba ta ce, “Ba ni zan duba ta ba. Ni uwa ce a wurinta, ba za ta saki jiki da ni ba, aikinmu ma bai yarda ba.” Na ji haushi sosai. Amma kafin la'asar ta nemo mana wata matashiyar likita a asibitin kusa da mu, wadda ita kanta Yaya ba ta taɓa gani ba.

'Yata ta ce in zauna a ɗakin. Bayan 'yar hira, likitar ta dube ta ta ce, “Kin taɓa tunanin kashe kanki?” Na buɗe baki zan tare, sai na ga likitar ta ɗauki kofi ta kafa a baki. Daga inda nake ina hango cikinsa, ko ɗigon ruwa babu. Shirun ya yi tsawo har na fara jin ƙarar agogo, sannan 'yata ta ce, “Eh. Wani lokaci.” Daga nan magana ta ɓalle.

Da za mu fita na kasa haƙuri. “Likita, kofin nan fa?”

“Haka aka koya mana, Hajiya. Shirun kofi ake ce masa. Wata farfesa ce ta ƙirƙiro shi, malaminmu ɗalibin ɗalibarta ne. Kofin yana kwantar wa mara lafiya hankali. Wani ɗan ajinmu ma digirinsa ya yi a kan ko na gilashi ya fi na tangaran.”

Da na ba Yaya labarin a waya, ta yi dariya har ta sarƙe. “Wallahi ko kalma ɗaya ban rubuta a kan kofi ba! Yaran nan ashe hannuna suke kallo!”

“To ki gyara musu mana.”

“Yarinyarmu ta yi magana?”

“Ta yi.”

“To bar su da kofinsu.”

'Yata tana zuwa asibitin har yanzu, wata rana da sauƙi, wata rana sai a hankali. Rannan ina girki ta shigo ta jingina da ƙofa, ta ce, “Mama, yau babu daɗi.” Nan take na fara, haba ke kuwa, ki gode wa Allah, ga lafiya, ga makaranta. Sai ta kamo hannuna.

“Kar ki gyara min. Zauna kawai.”

Muka zauna a ƙasan kicin har abinci ya kama. Ranar ce ta fara gaya min komai da bakinta, babu likita a tsakaninmu.